Hatimi a kan hatimi: Yadda Rumawa suka sabunta tsohon kuɗi, da abin da ya rage a adakar kakanni a Ƙaraye da Rogo

A farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kasuwannin karkara sun shiga wani hali mai wuyar mantawa. A yankin Ƙaraye da Rogo, inda cinikin hatsi da rake da dabbobi ya dogara ga kuɗi a hannu, mutum kan tsaya da tsohuwar dubu ɗaya, ba ta yage ba, ba ta ƙone ba, amma mai masara ya girgiza kai ya ce ba zai karɓa ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris na wannan shekarar, bankin kuma ya bi umarnin daga bisani, sannan tsohuwar takardar ta sake zama kuɗi. Babu abin da ya sauya a jikinta. Maganar hukuma a kanta ce ta sauya.

Wannan matsala ta girmi naira, ta girmi fam da sule. Kimanin shekara dubu biyu da suka wuce Daular Rum ta yi ta fama da ita, kuma maganin da ta samo yana nan a rubuce a jikin dubban sulallan tagulla da ke ajiye a gidajen tarihi da hannun masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Maimakon a janye tsohon kwabo a narke shi, sai a ɗauko ɗan ƙarfe mai haruffa biyu ko uku a bakinsa, a ɗora a kan kwabon, a doka da guduma. Wannan ƙarin hatimi shi ne sabuwar maganar hukuma: ko dai ta ce kwabon yana nan da darajarsa, ko ta rage masa daraja, ko ta sanar cewa mulki ya koma hannun wani.

Kuɗin talaka da kuɗin soja

Sarki Augustus, wanda ya mulki Rum daga shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa ta 14 Miladiyya, shi ne ya daidaita tsarin ƙananan kuɗin daular. Akwai kwabon jan ƙarfe da ake kira as. Biyu daga cikinsa su ne dupondius, huɗu su ne sestertius, sha shida kuma su ne dinari ɗaya na azurfa. Zinariya da azurfa na manya ne da baitulmali. Da tagulla ake sayen burodi da man zaitun da kayan miya, saboda haka ita ce ta fi shan hannu, ita ce kuma ta fi saurin goguwa har a daina gane fuskar sarkin da ke jikinta.

Inda abin ya fi tsanani shi ne bakin iyaka. Rum ta girke dubban sojoji a gaɓar Kogin Rayin, a ƙasar Jamus ta yau, kuma albashin ƙaramin soja a lokacin dinari 225 ne a shekara, wato kusan as goma a rana. Soja yana bukatar canji kullum, gidan buga kuɗi kuwa yana can birnin Rum ko Lugdunum, wato Liyon ta Faransa a yau. Tafiyar makonni ce da kaya masu nauyi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rasa canjin naira hamsin a ranar kasuwa ya san irin cikas ɗin da wannan yake kawowa. Sai kwamandoji suka riƙa buga hatiminsu a kan sulallan da ke hannu. Shi ya sa ake samun haruffa kamar AVG da IMP da TIB, waɗanda suke nuni ga Augustus da magajinsa Tiberius, a kan kwabban da aka tono a tsofaffin sansanonin soja na wannan yanki. Masana da dama suna ganin cewa wasu daga cikin waɗannan hatimai alama ce ta kyautar da shugaba ya raba wa dakarunsa, don kowa ya san daga hannun wa alherin ya fito.

Hatimin da ya fi kowane suna haruffa uku ne a haɗe: VAR. Na Publius Quinctilius Varus ne, gwamnan da Augustus ya tura Jamus. A shekara ta 9 Miladiyya ƙabilun Jamusawa, ƙarƙashin jagorancin Arminius, suka yi masa kwanton ɓauna a dajin Teutoburg, suka hallaka rundunoni uku cur, ta 17 da ta 18 da ta 19. Shi kansa Varus ya kashe kansa a fagen. Ƙarnoni suka shuɗe ana gardama a kan ainihin wurin da aka yi wannan yaƙi. A 1987 wani hafsan sojan Birtaniya mai sha'awar tarihi, Tony Clunn, ya gano tarin sulallan Rum a Kalkriese, kusa da birnin Osnabrück. Da aka faɗaɗa haƙa, sai ga makamai da ƙasusuwa da kwabban jan ƙarfe, wasunsu ɗauke da hatimin VAR. Tunda Varus bai wuce shekara biyu zuwa uku a wannan muƙami ba, hatiminsa ya zama tamkar kwanan wata da aka rubuta a ƙasa. Kwabon da sojan Rum zai sayi burodi da shi, shi ne ya zama babban shaida a shari'ar da malaman tarihi suka daɗe suna yi.

Sa'ad da hatimi ya zama hukunci

A zamanin Sarki Claudius, daga shekara ta 41 zuwa ta 54, da farkon mulkin Nero da ya gaje shi, an yi ƙarancin sabon kuɗin tagulla, har maƙera a larduna suka riƙa kwaikwayon na gwamnati. Hukuma ba ta iya kawar da na kwaikwayon ba, don babu abin da za ta maye gurbinsu da shi. Sai ta zauna tantancewa. Wanda ya yi nauyi ya karɓu, a buga masa PROB, daga kalmar Latin mai nufin an gwada an amince. Sestertius ɗin da ya goge ya rasa nauyi, a buga masa DV, wato daga yau darajarsa ta koma ta dupondius, rabin abin da yake a da. Wannan rage darajar kuɗi ne a fili, kwabo bayan kwabo, kowa yana gani da idonsa. Akwai kuma hatimin NCAPR, wanda yake da yawa a kan kuɗin wannan zamani. Mafi yawan masana suna karanta haruffa ukun farko a matsayin sunan Nero Kaisar Augustus, amma sun rabu a kan biyun ƙarshe, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba.

Siyasa ma ta shigo. Bayan kisan Caligula a shekara ta 41, marubucin tarihi Cassius Dio ya ruwaito cewa majalisar dattawan Rum ta ba da umarnin a narke kuɗin tagulla masu ɗauke da hotonsa. Ba duka aka narke ba. A kan wasu da suka tsira ana ganin hatimin TICA na Claudius, sau da yawa an daidaita shi daidai kan sunan marigayin. Da Nero ya faɗi a shekara ta 68, aka shiga rikicin da sarakuna huɗu suka hau gado cikin shekara ɗaya, masu tawaye suka riƙa buga SPQR, wato majalisa da jama'ar Rum, a wuyan hoton Nero ko a fuskarsa. Kuɗin yana ci gaba da yawo, ana sayen abinci da shi, amma duk wanda ya karɓa ya san mai hoton ya zama tarihi. Rundunar Rum ta goma, wadda aka girke a Ƙudus bayan shekara ta 70, ita ma tana da nata hatimin, wani lokaci haruffan LXF, wani lokaci hoton gadu ko na jirgin ruwa.

Abin mamaki shi ne tsawon ran waɗannan sulalla. A ƙarni na biyar zuwa na shida, bayan daular yamma ta rushe, an ɗauko kwabban da suka haura shekara ɗari huɗu da bugawa, aka karta musu lamba da kurfi: XLII, wato 42, a kan as, da LXXXIII, wato 83, a kan sestertius, don su dace da sabon lissafin kuɗi. Wasu masana suna danganta aikin ga masarautar Bandal ta Arewacin Afirka, wasu ga masu mulkin Italiya na lokacin.

A gabas kuwa, Hiraƙla, sarkin Rum ɗin nan da sunansa ya shahara a littattafan sira da hadisi, ya mulki daga 610 zuwa 641, kuma a zamaninsa an yi ta buga ƙarin hatimi a kan tsofaffin kuɗin tagulla a Sisili da Sham. Da Musulmi suka karɓi Sham ba su zubar da kuɗin da suka tarar ba. A kan wasu kwabban wannan zamani ana samun kalmar Larabci “ɗayyib”, mai kyau, wadda take yin aikin da PROB ya yi a Latin. Sai a wajajen 696 zuwa 697 Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari na rubutu zalla, babu hoto. Daga follis na Rum aka sami fals da fulus, daga denarius aka sami dinar, kuma masana harshe suna mayar da asalin kalmar zinariya ta Hausa ga wannan dinar ɗin. Rum ba ta taɓa mulkin ƙasar Hausa ba, amma sunan kuɗinta yana wuyan kowace amarya.

Daga wuri zuwa jan kwabo

Ƙasar Kano ta bi wata hanya dabam, domin kuɗinta na dā ba ya ɗaukar hatimi. Wuri ne, wanda jam'insa shi ne kalmar kuɗi da ake faɗa har gobe. Daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya yake fitowa, daga baya kuma aka yi ta shigo da wani iri daga gaɓar Gabashin Afirka. Babu sarkin da ya buga shi, babu wanda zai ce ya soke shi. Ƙirga ce kawai hukunci: zambar dubu ce, keso kuma dubu ashirin. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500, kuma kafin ƙarshen ƙarnin darajar wurin ta yi ƙasa ƙwarai saboda yawan shigo da shi. Kuɗin da ba shi da mai shi, ba shi da mai tsare masa daraja.

Babban ciniki kuwa da dalar azurfa ake yi, musamman liyari mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma saboda karɓuwar kuɗin a ƙasashen Larabawa da Afirka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jikinsa, a Biyana da wasu biranen Turai, har cikin ƙarni na ashirin. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Wannan gaskiya ce da ya kamata duk mai irin wannan dala a gida ya sani: lambar 1780 ba ta nufin a 1780 aka buga ta. Ita ce dai kuɗin da ya fi kusantar labarin Rumawa, domin a wasu ƙasashe an buga mata ƙarin hatimi. Hukumomin Fotugal sun buga PM a kan dalolin da ke yawo a Mozambik a ƙarshen shekarun 1880, kamar yadda Bankin Ingila ya buga ɗan ƙaramin kan Sarki George na Uku a kan dalolin Sifaniya a 1797. A wannan nahiya tamu ido da yatsa ne suka yi aikin hatimi. Daga Habasha zuwa Borno ’yan kasuwa kan duba ƙwayoyin ado na kambin sarauniyar da na maɓallin kafaɗarta, in sun goge a rage wa dalar kuɗi ko a ƙi ta. Wadda ta fita daga kasuwa kuma ta faɗa hannun maƙerin fari, ya huda ta ko ya liƙa mata kunne ta zama abin wuya, ko ya narke ta ya yi zobe da munduwa.

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a 1903, a 1904 suka hana shigo da wuri. A 1907 aka fara buga sulalla masu huda a tsakiya domin Najeriya: kwabo, da kuma anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, wanda bugun farkonsa na alminiyon ne, yana cikin kuɗin alminiyon na farko a duniya. An yi anini ƙanƙani haka ne don ya kori wuri daga cinikin daddawa da gishiri. A jikinsu akwai tauraro mai kusurwa shida, da darajar kuɗin a rubuce da haruffan Larabci, domin Turawan sun san da wane rubutu mutanen Arewa suke karatu. Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ta kafu a 1912, sulallanta na azurfa suka fito a 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe. Ta hanyar gyaɗa da auduga da biyan haraji waɗannan kuɗi suka shiga garuruwan yammacin Kano, suka kuma sami sunayen da tsofaffin Ƙaraye da Rogo suke tunawa: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fataka, fam. Ana danganta sunan ɗari, wato rabin kwabo, da wuri ɗari da ake canza shi a kai. Anini kuwa ya bar kasuwa ya koma kafaɗar hafsoshin soja da ’yan sanda.

Kwabban farko na farin ƙarfe ne. Daga 1952 aka koma buga su da tagulla, aka sami jan kwabo. Najeriya ta fitar da nata kuɗin a ranar 1 ga Yuli, 1959, da auduga a jikin taro da gyaɗa a jikin fataka, sannan naira da kwabo suka zo a ranar 1 ga Janairu, 1973, da dalar gyaɗa a jikin kwabo 25. Najeriya ba ta bin hanyar ƙarin hatimi. A 1968 lokacin yaƙin basasa, da 1984, da kuma 2022, janye tsoho aka yi ƙoƙarin yi a fito da sabo cikin ɗan wa'adi, kuma kowane karo na nesa da banki ne ya fi jin jiki. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ma ya haramta buga hatimi ko rubutu ko huda a jikin naira, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba. Amma ɗabi'ar ba ta mutu a duniya ba. Wanda ya saba riƙe takardar dala 100 ta Amurka a Wapa ya sha ganin ’yan ƙananan tambura na tawada a gefenta. ’Yan canji ne na ƙasashe daban-daban suke bugawa, kowa yana cewa ta bi ta hannunsa ya gwada ta.

Abin da mai tarawa yake nema

A Turai da Amurka tara kwabban Rum masu ƙarin hatimi fanni ne mai zaman kansa, da littattafansa. Wanda Christopher Howgego ya wallafa a 1985 a kan hatiman lardunan gabas yana cikin waɗanda ake komawa gare su har yau. Fannin ya saɓa wa sauran, domin a nan gogaggen kwabo ba aibi ba ne. Galibi saboda gogewar aka buga hatimin, shi ya sa da yawansu ba su da tsada idan aka kwatanta da kwabo mai kyan fuska. Abin da ake biya shi ne labarin: wa ya buga kwabon, wa ya ƙara hatimin, shekara nawa ke tsakani, a ina aka same shi.

Nan ne kuma haɗarin yake. Ƙirƙirar hatimi ta fi ƙirƙirar kwabo sauƙi nesa ba kusa ba. Maƙaryaci zai sayi kwabo na gaske mai araha, ya doka masa haruffa uku, farashi ya ninka. Hatiman Hijaz da Najad da ake gani a kan dalar Maria Theresa, masana da yawa suna shakkar mafi yawansu saboda wannan dalili. Masu gwaninta kan juya kwabon su duba bayansa, domin dukan guduma na gaske yakan baje wurin da ke daura da hatimin. Sukan duba ko tsatsar da ke cikin ramin hatimin iri ɗaya ce da ta sauran jikin kwabon, ko kuwa ƙarfen ciki yana ƙyalli kamar jiya aka sare shi. Wanda aka kawo wa kwabon Rum aka ce a wata gona ta Rogo ko bakin madatsar Challawa aka tono shi, ya riƙe kuɗinsa. Kayan Rum sun shiga Sahara, an same su a Jarma ta ƙasar Fezzan a Libiya da kabarin Tin Hinan a Abalessa ta kudancin Aljeriya, amma tsakanin can da Kano akwai sauran tafiya mai nisa, kuma irin wannan da'awa aikin masu binciken kufai ne su tabbatar da ita, ba dillali ba.

Abin da yake hannun mutanen wannan yanki na gaske shi ne gwangwanin da ke ƙasan adakar kaka, wanda sau da yawa bayan rasuwarta ake juye shi ga ’yan gwangwan a kan kilo. Yawancin abin da ke ciki ba zai sa kowa ya yi arziki ba, domin miliyoyi aka buga. Duk da haka akwai abin dubawa. Ƙaramin harafin H a jikin kwabo yana nufin a masana'antar Heaton ta Birmingham aka buga shi, KN kuma King's Norton. Kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Edward na Takwas suna da labari na musamman: sarkin ya yi murabus a Disambar wannan shekarar kafin Ingila ta saki kuɗi da hotonsa, amma da yake sulalla masu huda suna kawai suke ɗauka, na Afirka ta Yamma sun riga sun fita kasuwa. Dalar da aka huda ko aka liƙa wa kunne farashinta yana faɗuwa a wurin dillalan waje, amma ga iyalin da suka san wuyan wa ta rataya a kai, hudar ita ce hatimin.

Babban kuskuren da ake yi shi ne wankewa. Lemon tsami da toka da man goge ƙarfe suna cinye fatar da shekaru suka yi wa tagulla, kuma kwabon da aka goge har ya yi ƙyalli ya rasa mafi yawan darajarsa. Tsatsa mai tauri, kore ko ruwan ƙasa, kariya ce, a bar ta. Wadda take fitowa kamar koren gari tana zuba ita ce cuta, danshin damina ne ke hura ta, kuma irin wannan kwabo sai a ware shi daga sauran a wuri busasshe. Ambulan ɗin takarda ya fi leda, a rubuta a bayansa sunan mai shi na asali da garin da ya zauna. Mai son kwatanta abin da ke hannunsa da na hukuma yana iya zuwa Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja. Wanda kuma ya tono tulun tsofaffin kuɗi a gona ko wurin haƙa harsashin gini, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma tulun da aka bari a haɗe da abin da ke cikinsa ya fi amfani ga masu bincike a kan wanda aka rarraba ɗaya-ɗaya a Kasuwar Kurmi.